Riɗi, Kuɓewa da Maiƙon da Ke Yawo Cikin Jini

Uwargida da ke gaban murhu, ina roƙonki ki ɗan ƙara muryar rediyon, domin rabin maganarmu ta yau a bakin tukunyarki za ta tsaya.

Kwanakin baya ina zaune a wata tasha, ina jiran mota ta cika. Can gefe wani mai magani ya ɗaure lasifika a kan motarsa yana ta shela, wai ga maganin da ke narkar da kitsen jini cikin kwana uku, tsantsar itatuwa ne, babu haɗin Bature. Ina kallo wani dattijo ya zaro takardar gwajin asibiti daga aljihun gaba, ya miƙa masa, ya biya kuɗi, ya karɓi gora biyu ya sa a buhu. Har yau abin bai bar raina ba. Dattijon nan bai yi kuskure ba da ya sa ran samun taimako daga tsirrai, don taimakon yana nan, masana sun auna shi, sun san yawansa. Inda aka cuce shi shi ne wajen kwana ukun nan, da wajen narkarwar, da kuma gorar da shi kansa mai sayarwar ba zai iya faɗa maka abin da ke cikinta ba. To, yau so nake mu bi maganar a tsanake: me tsiro ke iya yi wa maiƙon jini, ta wace hanya, kuma ina iyakarsa.

Mu fara da shi kansa maiƙon, wanda likitoci ke kira kolastarol. A cikin tsakuwar matsarmama aka fara gano shi, kuma wani masani ɗan Faransa mai suna Chevreul ne ya raɗa masa suna a shekarar 1815. Mutane da yawa sun ɗauka dafi ne. Ba dafi ba ne. Jikinmu an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani, kowace ƙwaya kuma tana da bangon da ya kewaye ta. Duk wanda ya taɓa ganin magina na yaɓa makuba a jikin katangar ƙasa ya san amfaninta: tana ƙara wa katanga ƙwari, tana hana ruwa ratsa ta. Aikin kolastarol ke nan a bangon ƙwayar halitta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk wanda ke jikin mutum a ƙwaƙwalwa yake. Da shi jiki ke haɗa sinadaran balaga na maza da na mata, da shi fata ke yin bitamin D idan rana ta taɓa ta, da shi hanta ke yin ruwan matsarmama. Saboda muhimmancinsa, jiki bai jira sai an ba shi a abinci ba. Da kansa yake ƙera mafi yawansa, hanta kuwa ita ce babbar maƙera.

Matsalar tana farawa ne wajen dako. Mai ba ya gauraya da ruwa, jini kuwa ruwa ne. Don haka sai an ɗora kolastarol a kan wasu 'yan motocin dako kafin ya yi yawo a jini. Babbar cikinsu ita ce wadda za ku ga an rubuta LDL a takardar gwaji. Idan motocin LDL suka yi yawa, suka daɗe suna gewaye ba a sauke kayansu ba, sai wasu su riƙa kutsawa cikin bangon jijiyoyin jini suna zube kaya a can. Ba rana ɗaya abin ke faruwa ba. Shekara 10, shekara 20, hanya na ta ƙanƙancewa, mutum na cin abincinsa, yana zuwa kasuwa, ba ciwon kai, ba jiri. Ranar da wurin ya fashe jini ya daskare a kansa, in a zuciya ne sai a ji wane ya yanke jiki ya faɗi, in a ƙwaƙwalwa ne sai a ce ɓarin jikinsa ya shanye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suka auku. Wato irin namu. A daina cewa ciwon masu kuɗi ne, a kuma daina cewa sai mai teɓa. Siriri ma yana kamuwa.

Yanzu ku ba ni hankalinku, don abin da zan faɗa shi ne ginshiƙin duk sauran.

A shekarar 1973, wasu likitoci biyu a birnin Dalas na Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein, suka duƙufa kan wata tambaya. Akwai yaran da ake haifa da kolastarol mai tsananin yawa a jini, har ciwon zuciya ya kama su tun ba su balaga ba. Me ya bambanta su da sauran yara? Suka ɗebi ƙwayoyin fatar irin waɗannan yara da na masu lafiya, suka raine su a ɗakin gwaji. Sai suka gano cewa ƙwayar mai lafiya tana da wasu ƙofofi a bangonta, waɗanda aikinsu shi ne cafke motar LDL su shigar da ita ciki. Ƙwayoyin yaran nan kuwa ba su da ƙofofin, ko kuma suna da su amma a lalace.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ƙwayar ke tattali. Kamar uwargida ce mai lura da rumbunta. In ta leƙa ta ga hatsi ya cika, sai ta daina saye, ta rufe ƙofa, 'yan talla su yi ta gewaye a waje da kayansu a kai. In ta ga ya yi ƙasa, sai ta buɗe ƙofa ta kira su, ta sauke musu kaya. Haka ƙwayar halitta take: in kolastarol ya wadata a cikinta, sai ta rage ƙera nata, ta kuma rage ƙofofi. In ya ragu, sai ta ƙara ƙofofi, ta janye LDL daga jini. Wannan bincike ne ya sa aka ba su lambar yabo ta Nobel a 1985. Mafi yawan ƙofofin nan kuwa a hanta suke. Kun ga ke nan, duk abin da zai sa hanta ta ji rumbunta ya ɗan yi ƙasa, zai sa ta kwashe maiƙon da ke yawo a jini da kanta. Ba narkar da shi ake yi ba, jama'a. Hanta ake sawa ta buɗe ƙofa.

To, ta ina tsiro ya shigo? Ta hanji.

Kullum kolastarol na zubowa cikin ƙaramin hanji ta hanya biyu. Akwai na abinci, daga nama da ƙwai da hanta da man shanu. Akwai kuma wanda hanta ke zubowa tare da ruwan matsarmama, wanda ma ya fi na abincin yawa. Kafin ya tsallaka bangon hanji ya koma jiki, sai ya hau wasu 'yan ƙananan kwale-kwale da ruwan matsarmama ke haɗawa. A ƙa'ida, kusan rabinsa ke samun tsallakawa, sauran ya bi bayan gida.

Su ma tsirrai suna da tasu makubar a bangon ƙwayoyinsu. Ana kiranta sitarol na tsirrai, kuma ta yi kama da kolastarol ƙwarai, kamar ɗan wa da ɗan ƙani. Iri-iri ne. Wanda ya fi yawa sunansa sitostarol. Akwai wani mai suna sitigmastarol, shi kuwa tarihinsa ya taɓo ƙasarmu, domin daga waken Kalaba wani Bajamushe mai suna Adolf Windaus da abokin aikinsa suka fara tace shi a 1906. Ku riƙe sunan waken nan, za mu dawo kansa.

Saboda kamannin nan, idan sitarol na tsiro ya iso bakin ruwa, sai ya haye kwale-kwalen ya zauna a kujerar kolastarol. Kujeru kuwa ƙidayayyu ne. Kolastarol da ya rasa wuri sai ya wuce ƙasa, ya fita daga jiki. Shi kuma baƙon da ya ƙwace kujera, in ya isa bangon hanji sai masu gadi su gane shi, su koro shi waje. Abin da ke shiga jini daga cikinsa bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Ya hana wani shiga, shi ma bai shiga ba. Hanta kuma ta leƙa rumbu ta ga abin da take tsammani daga hanji ya ragu, sai ta ƙara ƙofofi. LDL ya sauka.

An san wannan tun da daɗewa. A 1951 aka gwada shi a kan kaji a Amurka, a 1953 aka gwada a kan mutane. Amma inda labarin ya yi armashi shi ne ƙasar Finlan. Akwai wani yanki a gabashinta mai suna Kareliya ta Arewa, ƙasar makiyayan shanu da masu saran itace. Abincinsu madara mai kauri da bota da gishiri, ga taba. A wancan lokaci mazan yankin na cikin waɗanda ciwon zuciya ya fi kashewa a duniya, magidanta masu shekara 40 da 50 suna faɗuwa suna barin marayu. A 1972 aka fara wani gangami ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska. Aka shiga ƙauyuka, aka zauna da ƙungiyoyin mata, aka roƙi mutane su rage bota su koma man tsirrai, su rage gishiri, su bar taba. Cikin shekara 40, mutuwar magidanta ta sanadin ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100.

A wannan yanki ne wani farfesa mai suna Tatu Miettinen ya yi gwajin da aka buga a 1995. An samo sinadarin tsiron daga ragowar itacen da masana'antun takarda ke sarrafawa, aka narka shi cikin man shafa wa burodi, aka bi mutum 153 har shekara guda. Masu cin man da ke da sinadarin, LDL ɗinsu ya sauka da kimanin kashi 14 cikin 100. A shekarar aka fara sayar da man da sunan Benecol. Amma a lura, yawancin nasarar da Finlan ta samu ba daga wannan mai ta zo ba. Kafin ya fito kasuwa an riga an yi shekara 23 ana gyaran tukunya.

Ga lissafin da masana suka tsaya a kai. Giram 2 na sitarol a kullum yana rage LDL da kusan kashi 10 cikin 100, ana kuma fara ganin hakan cikin mako biyu zuwa uku. In an daina ci, ya koma inda yake. Abincin yau da kullum na yawancin mutane yana ba su tsakanin miligiram 200 zuwa 400 ne kawai. Riɗi na cikin abubuwan da suka fi shi yawa: giram 100 na riɗi yana ɗauke da kimanin miligiram 400. Gyaɗa na da shi, man masara da man waken suya suna da shi, ƙwayar alkama ma haka. Sai dai in mutum ya ce da riɗi kaɗai zai cika giram 2, to rabin kilo zai ci kowace rana, riɗi kuwa rabinsa mai ne. Ƙiba za ta riga amfanin isowa. Ban ba kowa wannan shawara ba.

Kada wannan ya sa a raina ɗan abin da ke cikin abinci. Wani mai bincike a Amurka, Richard Ostlund, ya yi wata dabara a 2002. Ya tace man masara ya cire masa sitarol ɗinsa, ya ba mutane. Sai kolastarol da hanjinsu ke tsotsa ya ƙaru da kashi 38 cikin 100 in an gwada da lokacin da suka ci man da ba a taɓa ba. Ashe ɗan kaɗan ɗin nan da muke ci ba da saninmu ba, aiki yake yi. Riɗin da Jigawa da Nasarawa ke loda wa manyan motoci ana kai wa ƙasashen waje, ya kamata mu ma ya riƙa shiga miyarmu, ba sai a kantu kaɗai ba.

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan yadda tsirrai ke taimaka wa jiki ya daidaita kolastarol. Mun ga hanya ta farko, ta ƙwace kujera. Ta biyu kuwa, iyayena mata, ku kuka fi kowa saninta, don kullum tana hannunku. Yauƙi.

Ruwan matsarmama shi ne sabulun ciki. Kamar yadda ba ki iya wanke tukunyar miya da ruwa zalla, haka hanji ba ya iya sarrafa mai sai da shi. Da kolastarol hanta ke yin sa, kuma ba ta son asararsa. In ya gama aiki, kusan kashi 95 cikin 100 ana tsotse shi a ƙarshen ƙaramin hanji, a mayar wa hanta ta sake amfani da shi. To, idan abinci mai yauƙi ya shiga ciki, sai ya yi kauri, ya riƙe wani kaso na ruwan, ya fice da shi. Dole hanta ta yi sabo. Da me za ta yi? Da kolastarol na rumbunta. Rumbu ya yi ƙasa, ƙofofi su buɗe. Hanya dabam ce, amma gida ɗaya ta kai mu.

Hatsin nan na Turawa da ake kira ot, da sha'ir, su aka fi yin bincike a kansu. Tun 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin kwalin ot cewa giram 3 na yauƙinsa a kullum na taimaka wa zuciya. Amma ku saurari wannan. A 2003, wani farfesa a Jami'ar Toronto ta Kanada, David Jenkins, ya tambayi kansa: in kowane tsiro yana rage kaɗan, me zai faru in an tara su a faranti ɗaya? Ya haɗa sitarol na tsirrai, da abincin waken suya, da 'ya'yan almon, da abinci masu yauƙi. Cikin masu yauƙin da ya zaɓa har da kuɓewa da gautan Turawa. Ƙwarai kuwa, kuɓewar nan tamu. Ya raba mutum 46 gida uku na wata guda. Waɗanda aka ba ƙwayar magani, LDL ɗinsu ya sauka da kimanin kashi 31 cikin 100. Waɗanda aka ba haɗin abincin, nasu ya sauka da kusan kashi 29.

Sakamako ne mai faranta rai, amma gaskiya ba ta cika sai an faɗi ƙarshenta. Mutanen can, abincin aka riƙa ba su a aune. Da aka sake gwajin a 2011 da mutane fiye da 300, aka ba su shawara kawai, kowa ya je ya yi cefanensa ya dafa a gidansa har wata shida, ragin ya tsaya a kusan kashi 13. Ni a ganina wannan adadi na biyu shi ne namu, don shi ya yi kama da rayuwa. Kashi 13 ba abin yarwa ba ne, musamman in mutum ya ɗore a kai shekara da shekaru.

Mu dawo madafinmu. Kuɓewa ce aka sa a gwajin, amma kuka da karkashi da lalo duk 'yan gidan yauƙi ne. Wake ma an yi ta gwada shi, an ga cin kwano ɗaya madaidaici a kullum yana rage LDL da kimanin kashi 5 cikin 100. Ga ɗanwake, wanda ya haɗa wake da kuka a loma ɗaya. Ga alale, ga fate, ga awara. Sai kuma abin da ke ba ni takaici: surfe. Muna kai dawa da gero da masara inji, a cire dusa tas, tuwo ya fito fari sol, a kwashe dusar a zuba wa awaki. Alhali kuwa a dusar nan da idon ƙwayar ne man hatsi yake taruwa tare da sitarol ɗinsa. Ban ce a daina surfe gaba ɗaya ba, na san maigida da yara suna da bakinsu. Amma a sassauta, ko a riƙa niƙa wani kaso da dusarsa ana gaurayawa.

Akwai kuma hannun da ke rushe abin da ɗayan ya gina. Kitse mai daskarewa, irin man shanu da kakiɗe da tozo da kitsen da ke jikin balangu, yana sa hanta ta rage ƙofofin nan da muke ta ƙoƙarin buɗewa. Man ja ma kusan rabinsa irin wannan kitse ne. Miyar kuɓewar da man shanu ke iyo a kanta, ta karɓa da dama ta bayar da hagu. Awara da ƙosai kuwa, in an tsoma su a man da aka yi kwana da kwanaki ana suya da shi har ya yi baƙi, an ɓata rawa da tsalle. Wani abu kuma, za ku ga galan ɗin mai an rubuta masa da manyan baƙaƙe cewa babu kolastarol a ciki. Ai dama man tsiro ba ya da shi sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ba nan tambayar take ba. Tambayar ita ce wane irin mai ne, kuma ludayi nawa ke shiga tukunya.

Na san wani zai ce, to ina tafarnuwa? Tana gyara miya, ba laifi a ci. Amma a 2007 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun ba mutum 192 ɗanyar tafarnuwa ko ƙwayoyinta har wata shida, ba su ga LDL ya sauka ba. Kada mai ciwo ya jingina da ita.

Yanzu maganar da ta fi nauyi. Ana yawan ce mana ai na itace ne, ba ya illa. Ku tuna waken Kalaba. Waken da aka tace sitarol daga cikinsa, shi ne a da mutanen yankin ke ba wanda ake tuhuma da maita ya sha, kuma ya kashe mutane ba adadi. Tsiro guda, ga amfani ga ajali, bambancin yana wajen sanin abin da aka cira da kuma awonsa. Shi kansa maganin asibitin da ake guje wa, wanda ake kira sitatin, ba daga sama ya faɗo ba. Wani Bajapane mai suna Akira Endo ne ya bincika fumfuna kusan iri 6,000, har ya dace da sinadarin a 1973. Aikinsa shi ne rage wa hanta ƙera kolastarol, rumbu ya yi ƙasa, ƙofofi su buɗe sosai. Bambancinsa da gorar tasha shi ne an auna shi, an bi dubban mutane an ga abin da ya yi. A 1994 aka fitar da sakamakon gwaji kan masu ciwon zuciya 4,444 a ƙasashen arewacin Turai, aka ga mutuwa ta ragu da kashi 30 cikin 100 a tsakanin masu shan sa. Sitarol na tsirrai an tabbatar yana sauke LDL, amma ba a yi masa babban gwaji irin wannan na ƙirga rayuka ba. A Japan kuwa, a 2024, sai da aka janye wasu ƙwayoyin jar shinkafa da ake sayarwa don rage kolastarol, bayan ƙodar mutane da dama ta taɓu. Su ma da sunan na halitta ake tallarsu.

Saboda haka, Alhaji, Hajiya, in likita ya ɗora ku a kan magani, musamman in an taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar jiki ko akwai ciwon suga, kada ku ajiye ƙwayar don kun fara cin kuɓewa. A haɗa su, ai ba kishiyoyi ba ne: ɗaya na aiki a hanta, ɗaya a hanji. Mai shan sitatin ya tambayi likitansa game da garehul, don yana ƙara wa wasu daga cikinsu ƙarfi fiye da kima. Man shafawa ko madarar da aka ƙara wa sitarol, in kun same su a kanti, ba a yi su don mai ciki ko mai shayarwa ko yaro ƙasa da shekara biyar ba, kuma ba a wuce giram 3 a rana. Akwai ma wata cuta ta gado, ba ta da yawa, an fara bayyana ta a 1974, inda masu gadin hanjin nan ba sa aiki, sitarol na tsiro ya riƙa taruwa a jiki. Masu ita likita ne ke tsara musu abinci. Amma wake da kuɓewa da ɗan riɗi a miya, waɗannan abincin kowa ne a gida.

Kuma kimanin mutum ɗaya cikin 250 ana haifarsa da rabin ƙofofin nan a lalace. Irin wannan ko ciyawa zai koma ci, maiƙonsa ba zai sauka yadda ake so ba sai da magani. In a danginku akwai wanda zuciya ta kayar tun bai kai shekara 55 ba, wannan magana taku ce, ku da 'ya'yanku.

Duk abin da na faɗa ba zai nuna wa mutum inda yake ba sai gwaji. Ɗan jini kaɗan ake ɗiba. Jimillar kolastarol ana son ta kasance ƙasa da 5.2, ko ƙasa da 200 in ɗakin gwajin da ɗaya ma'aunin yake aiki, likita kuma zai duba LDL ya haɗa da shekarunka da hawan jininka kafin ya yanke shawara. Don Allah, duk wanda ya haura shekara 40 bai taɓa yi ba, ya nemi asibiti mafi kusa cikin wannan wata. Wanda aka ce nasa ya hau, ya gyara tukunya, ya koma bayan wata uku a sake aunawa ya ga abin da ya samu. Kai kuma ɗan'uwa, in mahaifinka ne ya dawo gida da gora daga tasha, ka zauna da shi cikin ladabi, ka karɓi takardar gwajin nan, ka raka shi wurin likita.

Nan za mu dakata a yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.